Lanhon shagunan Alhaji: da mi suke auna gini?

Alhaji Mai Magaza: Assalamu alaikum jama'ar gida, ina kwananku ina gajiya. Don Allah wanda ya san harkar lanho, wato haraji, shi taimake ni da bayani don jiya kwanan zaune niy yi. Kun san ginin nan nawa na hanyar Filinge, shago 6 bakin titi da magaza guda daga baya. Shago 4 ka da mutane, kowane jikka 50 (sefa 50.000) a wata, magaza jikka 100, sauran biyun tun bayan sallar layya suna kulle ko ɓera bai shiga. To takardar lanho ta zo, wai hayar da ginin ka kawowa a shekara miliyon 7 da 200.000 ce, ni ko abin da ka shiga aljihuna in kowa ya biya, kuma ba kowa ka biya ba, miliyon 3 da 600.000 na. Sun ninka mini shi biyu cur. Ina sunka samo wanga lissahi?

Ɗan Adar: Wa'alaikumus salam kawu. Halan sun ga sabuwar motar da ka aje ƙofar gida sunka haɗa da ita 😂

Alhaji Mai Magaza: Kai ɗan nan ina cikin wuta kana mini dariya. Motar ma bashi ta

Habsu Kwantabul: Sannu Baba Alhaji. Na ɗan taɓa kalkuleta yanzu, lissafinsu a fili yake. 7.200.000 in ka raba wata 12 ya ba ka 600.000 a wata. Wato sun sa kowane shago 75.000, duka shidan har da na kulle, 450.000 ke nan, sannan magaza 150.000. Ba daga sama sunka ɗauko ba, akwai wurin da sunka ga 75.000 ɗin nan. Akwai wani maƙwabcinka da ke haya haka?

Alhaji Mai Magaza: To akwai farmasi nan kusa da mu, da masu aika kuɗɗi ɗin nan da sunka kama shagon kwana. Amma su ai manya na, shagonsu da karo da kilim, nawa ko siminti na tsura da ƙofar ƙarhe

Baba Issa: Alhaji barka da hantsi. Na yi aikin ga shekaru kafin in aje, bari in ɗan warware maka. Abin da ake nema wurin gini na haya sunanshi darajar haya, balar lokatif da faransanci. Ba kuɗin da ka ƙirga da hannunka ba ne, kuɗin da wurin zai iya kawowa ne in an ba da shi haya a farashin unguwar. Hanya uku ake bi a kai gare ta kuma tsarin daga Faransa munka gaje shi. Ta fari ita ce kontira, in akwai takardar haya rubutacciya wadda anka yi wa rajista kuma kuɗin da ke ciki bai yi kama da wasa ba, da ita ake aiki. In babu, sai a koma kwatance, a nemo shago mai kama da naka a layinku wanda anka san hayarshi a ce naka ma haka. In shi ma babu, kamar izin ko babban otal ko tashar mai da ba ka da na biyunsu a unguwa, sai a yi ƙiyasi kai tsaye, a ƙimanta fili da gini nawa za su yi a kasuwa sannan a ɗauki wani kaso a ce shi ne hayar shekara. Yanzu tambaya guda, masu hayar nan naka kuna da kontira?

Alhaji Mai Magaza: Baba Issa wace kontira, duka mutanenmu na. Biyu 'yan Tawa na, guda ƙanen uwargida, guda wani tela da munka yi shekara 9 tare. Magana ce ta baki da amana

Baba Issa: To ka ga inda gizo ke saƙa. Amana ba ta shiga dosiye. Farmasi na da takarda, kai ba ka da, don haka da takardar farmasi anka auna ka.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai ban so in sa baki ba amma Alhaji ka yi haƙuri, ku masu gini kuna kuka ne da idon wani. Duk abin da anka aza muku kanmu yake sauka. Ni shagona na kusa da Wadata bara mai gidan ya zo ya ce lanho ya hau, ya ƙara mini jikka 10 a wata, 120.000 ke nan a shekara, da na ce shi nuna mini takardar in gani sai ya ce in ban so akwai masu jira. Kuma a karɓi kuɗin shekara guda gaba ɗaya tun ba ka saida ko yadi guda ba, wani har da kuɗin makulli a gefe wanda ba ya shiga ko wace takarda

Alhaji Mai Magaza: Hajiya ni ban karɓar kuɗin makulli Allah na gani

Ɗan Adar: Na shekara fa kawu?

Alhaji Mai Magaza: Wannan ai kowa na yi

Sani Girinsboro: Salamu alaikum, yanzu na tashi nan asuba ce, na iske saƙo 20 a gurup na ce lafiya. Alhaji sannu. Wannan magana ta taɓa ni don nan Karolina ta Arewa ina hayar ɗan shago inda muke saida kayan abincin gida, gero da kilishi da yaji da su daddawa, kuma irin kontirar da na sa wa hannu ni ke biyan rabona na harajin gini da inshora da gyaran wuri ban da kuɗin haya. Shekarar da anka sake ƙimanta gine-gine takarda ta zo mini da ƙari sai da na zauna na koyi abin dole. Nan ba gwamnatin tarayya ke karɓa ba, gunduma ce da gari, kuma da shi ake riƙe lakkol da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Bambancin da ku, su ba darajar haya suke aza wa haraji ba, darajar ginin kanshi, wato nawa za a saye shi a kasuwa ranar 1 ga Janairu ta shekarar ƙimantawa. Dokar jiharmu ta ce kowace gunduma ta sake ƙima aƙalla sau ɗaya cikin shekara 8, wasu na yi da wuri.

Habsu Kwantabul: Yaya Sani to ta yaya suke sanin nawa za a saye shi alhali ba a sa shi kasuwa ba?

Sani Girinsboro: Yawwa ƙanwata. Su ma hanya uku ce, kusan irin wadda Baba Issa ya faɗa amma ta wata fuska. Akwai kwatancen ciniki, a duba gine-gine masu kama da naka da anka saida kwanan nan, a ƙara a rage saboda girma da tsufa da wuri, wannan ta fi kyau ga gidajen kwana don kullum ana saidawa. Akwai ta kuɗin gini, a ce fili nawa, in za a sake gina irinshi yau nawa zai ci, a cire tsufa da lalacewa. Wannan ita ake yi wa izin da asibiti da wuraren da ba a cika saidawa ba. Amma shaguna da birori da magaza na haya, wadda ta fi ƙarfi ita ce ta uku, ta kuɗin shiga, don wanda zai sayi irin wannan gini ba bulo yake saye ba, haya yake saye. Bari in yi da na Alhaji ku gani. In duka sun cika, shago 6 sau 50.000 da magaza 100.000, 400.000 a wata, 4.800.000 a shekara. Sai a cire wani abu saboda ba gini da ke cika kullum kuma akwai masu gudu da haya, mu ce kashi 10 cikin 100, saura 4.320.000. Sai a cire abin da mai gini ke kashewa don wurin shi ci gaba da aiki, gadi, gyaran kwano, yashe masai, fenti, mu ce 820.000. Saura 3.500.000, wannan ita ce tsabar abin da ginin ke haihuwa. Daga nan sai tambaya, masu kuɗi a garin nan riba kashi nawa suke nema a shekara kafin su zuba kuɗinsu a irin wannan gini? In kashi 10 ne, ka raba 3.500.000 da kashi 10, ginin miliyon 35 ne. In wurin mai kyau ne har mutane sun yarda da kashi 7, ginin nan dai shi ne amma ya zama miliyon 50. Kun ga maki 3 kawai ya motsa miliyon 15. Shi ya sa nan duk rigimar lauyoyi kan wannan kason take, kaf ret suke ce mishi.

Alhaji Mai Magaza: Miliyon 35?? Sani ka san nawa na kashe? Hili kaɗai miliyon 14 na saye shi, gini ya ci 34, kuma lokacin siminti bai kai haka ba. 48 ke nan. Kai kana Amurka kana karya mini dukiya

Sani Girinsboro: Alhaji ai ka yi murna, in don lanho ne ƙaramin lamba ake so 😅

Ɗan Adar: Kawu na so wurin lanho ginin shi zama bukka, wurin banki shi zama matatar man Sorazi

Baba Issa: Ɗan Adar wasa kake amma ka faɗi gaskiyar duniya. Shekarun da na yi ban taɓa ganin wanda ya zo biro ya ce an rage mishi daraja ba. Amma Alhaji maganar Sani akwai darasi ciki wanda ba na lanho ba, gini na 48 da ke haihuwar 3 da rabi, ko dai hayarka ta yi ƙasa da kasuwa, ko ka zuba kuɗi fiye da abin da wurin ke iya ɗauka. In na farkon ne to masu takardar ba su yi nisa da gaskiya ba sosai.

Alhaji Mai Magaza: Au kai ma ka koma bayansu

Baba Issa: Ban koma ba. 75.000 ta yi yawa ga shagon da ba karo ba silin, wannan na yarda. Amma 50 ɗin ma, tela na shekara 9 ka taɓa ƙara mishi?

Alhaji Mai Magaza: Sau guda. Kuma ƙanen uwargida gaskiya 30 yake badawa, shi ma sai wata ya yi nisa, na dai sa 50 ne cikin lissahi don kunya

Hajiya Mai Atamfa: Hhhh to Alhaji ni ma a ba ni ɗaya daga cikin na kullen a farashin ƙanen uwargida

Habsu Kwantabul: Wannan ita ce matsalar hanyar kuɗin shiga a wurinmu. Ita tana son takardu, mu ko kasuwarmu ta baki ce. Ina riƙe wa wasu 'yan kasuwa lissafi, abin da nake gani kullum kontira biyu, ta gaskiya a baki, ta ƙarya a takarda, kuma mai gida da ɗan haya bakinsu ɗaya a kai saboda kowa na da riba. Mutane da yawa ba su san patanti ma tana taɓa haya ba, wadda manyan 'yan kasuwa da kamfanoni ke biya kashi biyu gare ta, ɗaya kan cinikin shekara ɗaya kan darajar hayar wurin da kake sana'a. Ƙananan 'yan kasuwa su lanhon dunƙule suke biya, sintetik. To ɗan haya babba in an rubuta haya ƙarama shi ma ya samu sauƙi. Inda ba a iya wannan wasa shi ne in ɗan hayarka gwamnati ce ko ONG ko kamfani mai cikakken lissafi, su suna cire lanhon tun daga tushe su kai, su ba ka saura da takarda. Shi ya sa hayar irinsu ce ke bayyana a fili, ita ce kuma ake auna sauran layin da ita, alhali su ne masu biya da tsada. Talaka mai shagon siminti sai a gwada shi da mai kilim.

Ɗan Adar: To Habsu ai mafita ta fito, kawu shi rubuta kontira jikka 25 kowane shago a wuce wurin

Habsu Kwantabul: A'a yaya kar ka kai shi ka baro. Na ɗaya in lambar ta yi ƙasa ƙwarai da ta maƙwabta ba dole su karɓa ba, sai su koma kwatance, ka yi asarar kuɗin rajista a banza. Na biyu ranar da kunka ɓata da ɗan haya, takardar ce alƙali zai karanta, ya ce 25 ce haya kuma ga sa hannunka. Na gani da idona, wani dattijo ya yi shekara 2 yana karɓar rabin haya saboda haka. Na uku ka ɗauki lissafin yaya Sani, duk jikka 10 da ka ɓoye a wata 120.000 ce a shekara, a kashi 10 ka rage wa gininka miliyon 1 da 200.000 ranar da za ka kai shi banki jingina ko magada su zo saidawa.

Malam Nuhu: Jama'a a yi hattara da rubuta abin da ba shi ba, shaidar zur ce ko da wa za a kai wa. Sannan tunda ana maganar, Alhaji kar ka haɗa wannan da zakka, gini na haya ba a fidda zakka kan bulonshi, kan kuɗin hayar ne in sun taru sun kai nisabi shekara ta zagayo. Kuma biyan lanho bai ɗauke ta.

Alhaji Mai Magaza: Na ji Malam, Allah shi saka. Kowa dai hayar nan yake kallo

A'isha Liyon: Ina wuninku iyayena da yayyena. Na ga an ambaci Faransa, ina aiki a ajans ta gidaje nan don haka bari in ƙara kaɗan. Ku san su ma da sunka koya mana abin sun daɗe cikin ruɗani. Darajar hayar da suke aiki da ita ta 1970 ce, shekaru suna ƙara mata kaso kawai, har ta kai unguwar da ta mutu tana biya da yawa, wadda ta tashi daga baya tana biya kaɗan. Sai 2017 sunka gyara ta wuraren sana'a, gidajen kwana har yau suna kan tsohon tushe. Yanzu abin da ake yi, kowane wuri ana sa shi cikin rukuni, shago daban, biro daban, magaza daban, otal daban, kowane yanki kuma da farashin metir kare nashi wanda anka ciro daga hayar da mutane ke biya da gaske. Abin da nake so Baba Alhaji shi lura, ba duka faɗin ake ƙirgawa daidai ba. Inda ake ciniki ana ƙirga shi cikakke, wurin ajiya mai rufi rabi, fili marar rufi kamar wurin aje motoci kashi ɗaya cikin biyar. Sannan harajin gini kan rabin darajar ake aza shi, rabin an bar wa mai gini saboda gyara da inshora da tsufa. Ban ce a kwaso dokarsu a kawo Yamai ba, amma hujja ce mai shiga hankali, magazar baya da babbar mota ba ta iya shiga ba daidai take da ta bakin titi ba.

Alhaji Mai Magaza: Wallahi ɗiyata kamar kin gani. Lungun ko kat-kat da ƙyar take shiga, da amalanke ake kwashe kaya, damina kuwa ruwa har gwiwa. Bara waccan shinkahwar mai hayar magazar buhu 40 ta jiƙe sai da na yahe mishi wata biyu

Ɗan Adar: To ni nan ne abin ke ci mini rai. A zo a ƙirga ƙofa a rubuta miliyoyi amma magudanar ruwa ba wanda ya tona, shara mu ke biyan yara su kwashe, fitilar titi mu ke haɗa kuɗi. Sani ya ce can lakkol ake yi da shi, mu nan mi munka gani? Kun tuna dokar kuɗi ta 2018 yadda anka cika titi da zanga-zanga, ai ba don mutane ba su san lanho ba ne, tun zamanin bature kakanninmu ke biya, don ba su ganin inda yake zuwa ne

Sani Girinsboro: Tobashi gaskiyarka amma kar ka ɗauka nan aljanna ce. In ba ka biya ba gunduma na iya kai ka kotu a yi gwanjon ginin, ba ruwansu da hawaye. Kuma nan ma mai ƙarfi ke cin riba, manyan kantuna na da lauyoyi da aikinsu ke nan shekara duka, akwai dabarar da sunka yi ta yi a jihohi irin Mishigan da Wiskonsin, kanti na cike da mutane ana ciniki amma su ce a auna shi da irinshi da anka rufe ba kowa ciki, don wai in za a saida shi haka za a saida shi. Da yawa sun ci, an rage musu, nauyin ya koma kan ƙananan mutane. Kalifoniya kuma tun 1978 sunka yi doka, haraji kashi 1 na daraja, darajar ba ta hawa fiye da kashi 2 a shekara sai ranar da anka saida ginin. Sai ka ga gini biyu jere iri ɗaya, wanda ya saya tun da daɗewa na biyan kaɗan, sabon shiga na biyan ninki-ninki. Ko'ina da irin tashi karkatar.

Hajiya Mai Atamfa: Ashe dabarar shagon kulle har can ta kai, Alhaji kai da turawa hanyarku ɗaya

Alhaji Mai Magaza: Nawa kulle suke da gaske Hajiya. To yanzu Baba Issa mi za ni yi, in biya ko in ƙi?

Baba Issa: Kar ka ƙi kuma kar ka sa takardar ƙarƙashin katifa, jinkiri tara yake jawowa. Kar kuma ka je kana faɗa da yaron da ke gishe, ba shi ya rubuta ba kuma ba shi iya gogewa. Ƙorafi a rubuce ake yi, ka duba takardar da kyau ka ga ranar da anka sa, ka kai da wuri, a buga maka tambari kan kofi ka riƙe. Cikin wasiƙar kar ka ce lanho ya yi yawa, kowa haka yake cewa. Ka ce ga inda anka yi kuskure. Faɗin kowane shago metir nawa, na farmasi metir nawa, in nasu ya fi girma to 75.000 ɗinsu in an raba da metir ƙila ma daidai take da 50 ɗinka. Hoton cikin naka da ƙasan siminti. Hoton lungun magaza da ruwa in kana da shi. Resin haya da kake ba mutane. Hayar shaguna biyu ko uku na layin masu kama da naka, ba masu kilim ba. Na kullen kuma faktir ta kuran da ke nuna kwantar ba ta motsa ba tun watan kaza, don mai ƙidaya ƙofa yake gani, ba ya sanin abin da ke bayanta sai ka faɗa mishi da shaida. Sannan daga yau ka yi wa kowa kontira ta gaskiya har ƙanen uwargida, sai dai shi ka sani 30 ɗinshi ba lalle a yarda da ita ba tunda alfarma ce ba farashi ba. Wani abu kuma, ginin da sunanka yake ko da sunan kamfaninka? Don na kamfani darajar da ke cikin bilan, takardar lissafin dukiyar kamfanin, ake dubawa, lissafin ya sake.

Alhaji Mai Magaza: Da sunana yake, titir fonsiye na nan. Resi kam ban badawa, littahi gare ni da nake rubutawa da ajami

Habsu Kwantabul: Kawo littafin haka nan Baba, ya fi babu. Ni zan tsara wasiƙar. Kwantar kuran fa, kowane shago da tashi?

Alhaji Mai Magaza: Guda ɗaya ce muke rabawa

Habsu Kwantabul: Innalillahi. To faktir ta fita daga lissafi. Sai hoto, a buɗe shagunan biyu a ɗauka ana ganin ba komi ciki, da kwanan wata

Alhaji Mai Magaza: To ɗaya dai ba komi. Ɗayan akwai 'yan buhunnan siminti da kwanon da ya rage, da kayan Abdu na Kwatano da bai samu wuri ba tukuna, katon kamar 60

Ɗan Adar: 😂😂😂 kawu kai ka ce ko ɓera bai shiga

Baba Issa: Alhaji wannan ba shagon banza ba ne, magaza ce ta biyu. Guda ɗaya za ka rubuta.

Hajiya Mai Atamfa: Na ɗayan dai ina nan kan bakana, jikka 35 da kontira da resi kowane wata, in ka yarda in zo in gani ran Lahadi

Alhaji Mai Magaza: 45 Hajiya, kin ji dai abin da Baba Issa ya ce kan farashin unguwa. Habsu metir ɗin awo na wurin magini, gobe bayan azahar zan sa yaro shi auna duka in turo miki, na farmasi kuma sai na roƙi mai gadinsu